Ɓoye suna daban, riƙe sirri daban

'Yan uwa masu tattara bayanai, a kula da alƙawarin da ake yi wa masu amsa tambayoyi. Muddin fom ya karɓi lambar waya, ko manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ta ɗauki GPS, wato wurin da ake a taswira, a ƙofar gida, an san mai amsa. Nan sai ku ce za ku riƙe sirri, kada ku ce ba mai gane shi. A Google Forms ma, in ba ku so a gane mai amsa, ku kashe karɓar imel.

In za ku koma wa mutum, ku ba shi lamba a madadin sunansa, sunaye su zauna a wani fayil mai kalmar sirri, a goge bayan aiki.

Cire suna kaɗai bai isa ba. Ungozoma ɗaya tak a ƙauye, sana'arta da shekarunta sun tona ta. Ku rubuta shekaru rukuni-rukuni, kamar 30 zuwa 39.