Yadda za ka gyara Turancinka kafin WAEC

Ƙanina, in kana SS3 a Kano, don Allah daina haddace ƙa'idojin nahawu kamar karatun allo, ba ya zama a kai. Samu ɗan littafin rubutu, kullum ka kwafo jimla biyar daga jarida, ka ja layi ƙarƙashin aikatau ka duba waye ya aikata. Nan yaranmu ke zubar da maki, in mai aikin mutum ɗaya ne ba ni ba kai ba kuma abin na yau da kullum ne, sai ka maƙala s a wutsiyar aikatau, she goes, they go. Ni kaina sai da na shekara ina kuskuren nan wallahi.

Adabi kuwa kar ya tsorata ka, ai ka san shi tun a ajin Hausa. Simile kamantawa ce, metaphor siffantawa, personification mutuntarwa, in ka ce "yunwa ta kama ni" ai ka ba ta hannu ke nan. Karanta waƙar sau uku, na farko da ƙarfi, sannan ka tambayi kanka meye jigonta, wane salo ya fito da shi, kuma ka kawo layin da ke tabbatar da maganarka, makin yana wajen hujja.

Insha'i kuma kowane sakin layi magana ɗaya tak. Ranar Asabar ka leƙa laburaren Murtala da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, ka sa agogo gabanka ka rubuta ɗaya.