Mackinac da Mackinaw: kurakuran da ake ta maimaitawa

A arewacin jihar Michigan ta Amurka, daidai inda tafkin Michigan ya haɗu da tafkin Huron, akwai wani ƙauye mai suna Mackinaw City. Kusa da shi akwai tsibirin Mackinac, da mashigin Mackinac, da gadar Mackinac. Rubutu iri biyu, suna ɗaya. Masu fassara labarai da masu karantawa a rediyo ba sa gajiya da yin tuntuɓe a nan.

Babban kuskuren shi ne furta harafin ƙarshe. Mutum ya ga "c" sai ya ce "Makinak", wani ma ya bi ƙa'idar boko ya karanta shi kamar "c" ɗin "ciki". Duka biyun kuskure ne. Ko da "c" aka rubuta ko da "w", abin da ake faɗa shi ne "Makino": a danna murya a kan "Ma", a wuce "ki" da sauri, a ɗan ja "no". Dalilin yana cikin tarihi. Faransawa ne suka fara rubuta sunan yadda suka ji shi a bakin 'yan asalin wurin, kuma a harshensu akwai kalmomin da "c" na ƙarshe ba ya fita, irin su tabac da estomac. Sun gina sansanin Michilimackinac, wanda shi ne dogon sunan wurin, wajajen 1715. Da Turawan Ingila suka karɓe shi a 1761, sai suka riƙa rubuta abin da kunnensu ya ji, da "aw". To don Allah ina amfanin ƙoƙarin bambanta su a baki? Wanda ya ce ƙauyen "Makino" ne amma tsibirin "Makinak", ya ƙirƙiro ƙa'idar da mazauna wurin ba su san da ita ba. Ni dabarata, kafin a karanta rubutu a bainar jama'a, a soke "c" ɗin da fensir a rubuta "o" a samansa. Ido ne ke yaudarar harshe.

Sai dai kada wanda ya koyi wannan ya yi ta yanke wa kowane suna wutsiya. Pontiac da Cadillac duk a Michigan suke, kuma ana furta "k" ɗinsu sarai.

"Ch" ɗin Michilimackinac kuwa "sh" ne, kamar na Michigan da Chicago: "Mishilimakino".

Ma'anar sunan ma ana yi mata riƙon sakainar kashi. Za ka ga an rubuta "babban kunkuru" an wuce, kamar magana ta ƙare. Fassarar tana da tushe: a harshen Ojibwe na 'yan asalin yankin, mishi na nufin babba, mikinaak kuma kunkurun ruwa ne, dangin abin da muke kira kififiya, kuma daga nesa tsibirin yana kama da ƙoƙon bayan kunkuru da ya taso daga ruwa. Amma Andrew Blackbird, masanin tarihi ɗan ƙabilar Odawa, ya rubuta a 1887 cewa sunan ya fito ne daga wata ƙaramar al'umma da ta taɓa zama a tsibirin. Ɗan gida ne ya faɗa, ba baƙo ba. Saboda haka a rubuta "an fi fassara shi da babban kunkuru", a kawo ɗayar ruwayar a jimla guda. Kuma a lura, fassarar ta dogon sunan ce. Da aka gutsure shi ya koma Mackinac, kalmar "babba" ta tafi.

Wajen rubutu, a riƙe wannan: ƙauyen ne mai "w". Tsibiri, mashigi, gada da gunduma duk da "c". Gadar, wadda aka buɗe ranar 1 ga Nuwamba 1957, tsawonta kusan kilomita 8, ta taso daga Mackinaw City ta sauka garin St. Ignace da ke ɗaya gefen mashigin. Ba ta zuwa tsibirin. Can sai dai jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama, kuma tun 1898 aka hana motoci yawo a cikinsa, sai keke da keken doki. Duk wanda ya rubuta cewa an tsallaka gada da mota zuwa tsibirin Mackinac ya tona wa kansa asiri.

Kalmar "City" ma tarko ce. Kada a fassara ta da "birnin Mackinaw". A dokar jihar ƙauye ne, mazaunansa na dindindin ba su kai 1,000 ba. Abin dariyar shi ne tsibirin ne ke da matsayin birni a hukumance. Haka kuma ƙauyen ba ya cikin gundumar Mackinac. Ya raba ƙafa ne tsakanin gundumomin Emmet da Cheboygan.

A kuma riƙa haɗawa da sunan jiha, domin akwai wani ƙauyen Mackinaw a Illinois.