Kurakuran da Masu Sayen Bas da Motar Kaya ta Lantarki Suka Fi Yi

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, masu motocin haya da masu raba kaya a kasuwanni suka fara waiwayar motar lantarki da gaske. Ban ga laifinsu ba. Wanda rabin cinikinsa ke ƙarewa a gidan mai dole ya nemi mafita, ni ma abin da ya kai ni ke nan. Abin da ya ishe ni shi ne yadda kowane sabon shiga ke faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa, sai kuɗi sun nutse sannan a kira ni a ce, "Malam, zo ka duba mana, ta ƙi tashi." Gara in faɗi abin da na sani tun kafin a biya dila.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne cin kuɗi, shi ne duba motar lantarki da idon da ake duba Hayis. Mutum ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa bodi, ya leƙa ƙasa, ya ga kujeru tsaf, ya ce lafiya lau take. Ɗan'uwa, ba ka duba komai ba. A wannan mota batir shi ne dukiyar, kuma shi ne abin da ido ba ya gani.

Sai ka san tarihin motocin kaɗan sannan za ka gane dalili. Renault Kangoo Z.E. ta fito a 2011 da batir mai yunit 22, irin yunit ɗin da kake loda wa mitar gidanka. Nissan e-NV200 ta biyo a 2014 da yunit 24, sai a 2018 aka ɗaga shi zuwa 40. Kafin 2022 ta ƙare Ford E-Transit ta zo da 68, Volkswagen ID. Buzz kuma da 77. Ka ga cikin shekara goma sha ɗaya batir ya ninka sau uku. To kamfanonin Turai da suka sayi na farkon nan suna sallamar su yanzu don su ɗauki sababbi, kuma su ne ke gangarowa wurinmu da farashin da ke sa mutum ya rasa natsuwa. Batir ne da tun yana sabo ƙarami ne, ya yi shekara goma yana bauta, sannan a kawo shi ƙasar da zafin watan Afirilu ke haura digiri 40.

Wannan ya ci ni, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Na sayi wata ƙaramar motar kaya ta hannu, allonta na nuna caji a cike, kilomita sama da ɗari. Na yarda da allo. Da aka loda mata katan-katan aka kunna na'urar sanyi, sai lambar nan ta riƙa zuba ƙasa ina kallo, ba mu kai rabin abin da ta yi alkawari ba ta tsaya cak a bakin titi da kayan mutane a ciki. Da aka sauke batirin aka buɗe, wasu daga cikin ƙwayoyin da aka haɗa batirin da su sun kumbura har sun lanƙwasa ƙarfen da ya ɗaure su. Kuɗin da aka yanka mini na wani batir ya fi abin da na biya a motar gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar waya da ke nuna ɗari bisa ɗari da safe ta mutu kafin azahar ya san ciwon, sai dai nan miliyoyi ne.

Lambar kilomita da ke allo hasashe ne kawai, motar na yin sa daga yadda aka tuƙa ta a baya-bayan nan. Dila ya lallaɓa ta a hankali ba kaya, lamba ta yi kyau. Abin da za ka nema shi ne lafiyar batir, wadda ake rubutawa SOH, wato kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali. Ana karanta ta da 'yar na'urar OBD da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari a haɗa da waya. Ga motocin Nissan akwai manhajar LeafSpy, tana nuna maka kowace ƙwaya da bambancin da ke tsakaninsu. Ni dai in ya yi ƙasa da kashi 80 ba na ma tsayawa ciniki. Wasu na cewa 70 ma ya wadatar, tunda a nan ne yawancin kamfanoni ke tsayar da garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000. Su je su saya. Garantin nan ba ya biyo mota ta Kwatano, kuma zafinmu zai ƙarasa abin da ya rage. Bayan na'ura kuma sai gwajin hanya: a cika ta, a zuba mata kaya ko mutane, a kunna sanyi, a tuƙa har ta kusa ƙarewa. Dilan da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa.

Ka kuma tambayi irin batirin da yadda ake sanyaya shi. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka sun koka kan yadda batirinsu ya yi saurin raguwa, domin ba shi da na'urar sanyaya shi, kuma yanayinsu irin namu ne. In ina da zaɓi, batirin LFP nake ɗauka, wanda kamfanonin Sin irin su BYD da CATL suka yi fice a kai. Ya fi nauyi, amma ya fi jure zafi da yawan caji, kuma bai kai ɗaya irin batirin mai suna NMC saurin kamawa da wuta ba. Al'adata ita ce NMC ba na wuce kashi 80 sai in tafiya ta kama, LFP kuwa ina cika shi lokaci-lokaci don lissafin allo ya daidaita. Ko wanne ne, ba na barin sa a cike cikin rana, kuma in mota ta dawo daga aiki sai ta huce a inuwa kafin in jona ta.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin shi ba yaudarar kowa ba ce, ganganci ne zalla. Mutum ya sayi mota, ta iso ƙofar gida, sannan ya fara tambayar inda zai yi caji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana tunanin saye ya kamata ka zauna da biro. Cajar da ke zuwa da mota, wadda ake sokawa a soket ɗin gida, kamar yunit biyu da ɗan ɗori take bayarwa a awa. Batir mai yunit 40 zai ci sama da awa 17 ke nan. A wace unguwa kake samun wuta awa 17 a jere? Ko layin Band A da aka yi wa alkawarin awa 20, aka kai kuɗinsa naira 225 kan yunit a Afirilun 2024, masu shi sun san yadda alkawarin yake. Cajar bango mai kilowat 7, wato yunit 7 a awa, za ta cika batirin cikin awa shida, amma amfiya 32 take ja ba hutawa. Tana son wayarta ta kanta tun daga mita, mai kauri, da makatsin wutarta daban.

Na shiga wani gareji na tarar an jona bas a soket ɗin da ake guga, ta doguwar waya irin ta kasuwa, an naɗe ragowarta a ƙarƙashin benci. Na taɓa fulogin, ya yi laushi, bakinsa ya yi baƙi, wurin duk ƙaurin roba. Na ce wa mai wurin, "Alhaji, yau ko gobe gobara za ta tashi a nan." Ya ce ai tana caji. Tana caji! Yara na kwana a ɗakin da ke jikin bangon. Wallahi wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. Haka masu cewa caja ta ƙi aiki saboda ba ta ga wayar ƙasa ba, sai su je a toshe mata wannan kariyar. Caja ta gaya maka gidanka ba shi da inda zai zubar da wuta in ta ɓalle, kai kuma ka rufe mata baki, alhali jikin motar ƙarfe ne kuma fasinja ke dafa shi. A kafa sandar ƙasa ta kirki a auna ta. Ni da rani har ruwa nake sa a zuba a gindinta, domin busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta yadda ya kamata.

Masu cewa za su yi da janareta kuma, su yi lissafi. Lita ɗaya ta gas kamar yunit 3 take bayarwa. Bas mai lodi na iya cin yunit 25 a kilomita 100, wato lita takwas ko tara. Ina ribar? Ka gudu daga gidan mai ka koma ta bayan gida, ga kuɗin batir a kanka. Sola ta fi, amma ita ma akwai tarko: rana na fitowa ne daidai lokacin da mota ke kan hanya tana neman kuɗi. Ko dai ka tsara ta huta tsakanin azahar da la'asar ta sha caji, ko ka sayi wani batir na ajiya a gida, kuma don yunit 40 a rana kana bukatar faifan sola na kusan kilowat 10. Wannan ba faifai huɗu a kan rufi ba ne. Kuɗinsa na cikin kuɗin mota, ka haɗa su tun farko.

Bakin caja ma ba ɗaya ba ne. Motar Sin GB/T, ta Turai Type 2 da CCS2, ta Japan CHAdeMO. Bakin GB/T da Type 2 sun yi kama ƙwarai, ramuka bakwai kowanne, amma ba sa shiga juna, ka duba kafin ka saya. Kada kuma ka ɓata kuɗi kan caja mai kilowat 22 in abin da motarka ke karɓa bai wuce 6.6 ba. Kangoo Z.E. ma ba ta da bakin caji mai sauri sam.

Sai maganar hanya. Lambar da ke takardar kamfani an auna ta ne a ɗakin gwaji, ma'aunin WLTP na Turai a digiri 23 ake yin sa, na Sin mai suna CLTC kuwa ya fi shi ma yawan alkawari. Ni kashi ɗaya cikin uku nake cirewa, abin da ya rage shi nake kira gaskiya. Bas akwati ne, iska na tare ta, kuma in ka ninka gudu turjiyar iska sau huɗu take ƙaruwa. Shi ya sa wanda ya sa ta a layin Kano zuwa Kaduna, fiye da kilomita 200 ba tashar caji da zai dogara da ita, ya ɗora wa kansa wahala. Cikin gari ne take nuna kanta, inda in an tsaya a cunkoso ba ta cin komai sai na sanyi, in an sassauta kuma tana mayar da wuta cikin batir. Duk inda abin ya yi kyau haka aka fara. Kamfanin gidan waya na Jamus ya sayi StreetScooter a 2014 don motocin da ke bin unguwanni sanannu su dawo gida da yamma. Mustapha Gajibo a Maiduguri da ƙananan bas na cikin gari ya fara, yana cire musu inji yana sa na lantarki. Ka zaɓi layi gajere da ka san tsawonsa, kamar Bata zuwa Kabuga a Kano ko ɗaukar 'yan makaranta, sannan ka nemo motar da ta dace da shi.

Lodi kuwa, direbobi, ku ji tsoron Allah. Batir ya riga ya cinye wani kaso na nauyin da motar za ta iya ɗauka, ku kuma kuna cusa mutum huɗu a layin uku da buhuna a but. Ƙarfin da kuke ji tana ja da shi ba ya nufin taya da birki sun yarda.

Sauran ƙanana ne amma suna tsayar da aiki. Akwai ɗan batir mai bolt 12 kamar na kowace mota, in ya mutu ba za ta tashi ba ko babban na cike, shi za ka fara dubawa. Kada a ja ta da igiya tayoyin da ke jan ta na ƙasa, a ɗora ta kan babbar mota. Kada a harba ruwan wanki mai ƙarfi a bakin caji ko ƙarƙashinta, da damina kuma in ruwa ya rufe titi ka juya. Motar da sitiyarinta ke dama, ta Ingila ko Japan, duk arharta bar ta, tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama. Kafin ka biya ka tambayi inda za ka samu gilashi da fitila da kayan ƙafa, domin mota na iya yin wata uku a ajiye saboda abin da bai kai tafin hannu ba. Masu son a mayar musu da tsohuwar bas ta lantarki kuma su tabbata an sa na'urar da ke lura da ƙwayoyin batir ɗaya bayan ɗaya, kada a tara musu tsofaffin ƙwayoyi daga nan da can a rufe da kwano.

Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ƙarƙashin bonet kusan bolt 400 ke bi ta cikinsu. Bakanike da ya ƙware a Hayis shekara talatin ba shi da hurumin taɓa su sai ya koyi yadda ake cire makatsin batir, ya sa safar hannu ta aikin wuta, ya auna ya tabbata ba komai. Ka gaya masa da bakinka, ka gaya wa yaransa, kada ka bar mota a gareji ka tafi ba ka faɗa ba. Direba kuma ya sani motarsa ba ta da ƙara. A lungu da bakin makaranta da cikin kasuwa mutane da kunne suke kauce wa mota, don haka ya rage gudu sosai ya riƙa taɓa oda tun daga nesa.