Yadda Ake Gane Ko Matakin Kare Majiyyata Ya Yi Aiki

Aikin farko na mai bincike shi ne ya fayyace cutarwar da ake son ragewa, sannan ya ƙidaya ta kafin a canza komai. Idan ana maganar ƙwayoyin cuta da ke shiga jini ta robar da ake sa wa majiyyaci a babbar jijiya, ba adadin waɗanda suka kamu kaɗai ake rubutawa ba. Ana auna shi ne da yawan kwanakin da robar ta yi a jikin mutane, domin ɗakin da ya cika maƙil dole ya fi wanda ba kowa yawan matsala.

Daga nan sai a duba ko da gaske ana aiwatar da matakin. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa ta tiyata mai abubuwa 19, kuma a gwajin farko da aka yi a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Amma da aka wajabta irin wannan takarda a lardin Ontariyo na Kanada, binciken da aka wallafa a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. Saboda haka kada mai bincike ya tsaya ga abin da ke cikin fayil. Ya shiga ɗakin tiyata da ƙafarsa, ya ga ko ana dakatawa a karanta sunan majiyyaci da ɓangaren da za a yi wa aiki kafin a ɗauki wuƙa, ko kuwa sai an gama ɗinki ne wani zai zauna ya cike guraben.

A nawa ganin, inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen kwatanta jiya da yau kawai. Lokacin da Ingila ta kwaikwayi shirin jihar Mishigan ta Amurka na rage cutar robar jijiya, adadin ya ragu, sai dai yana raguwa har a sassan da ba su riga sun shiga shirin ba. Don haka a nemi wani sashe da ba a taɓa ba don a gwada da shi, a kuma tattara alƙaluman watanni da yawa kafin farawa da bayansa.

Rahoton kuskure kuma yana da ruɗi, domin ƙaruwarsa kan iya nufin ma'aikata sun daina jin tsoron faɗin gaskiya ne, shi ya sa ake haɗa shi da bin fayilolin majiyyata ɗaya bayan ɗaya.