Yadda za ka haɗa ruwan zafi a motar shiga daji

Duk wanda ya taɓa kwana a gindin dutsen Kagoro da hunturu ya san wankan asuba da ruwan jarka ba wasa ba ne, tun ranar da na kwana a can na ce dole Hilux ɗina ta riƙa dafa min ruwa.

Ruwan lagireto in inji ya ɗau zafi yana kaiwa wajen digiri 90, to wannan zafin za ka ara. Ka nemi ƙaramin heat exchanger, wato ƙarfen da ke miƙa zafin ruwa ɗaya ga wani, mai baki huɗu. Biyu na ruwan inji ne, bakanike zai yanka tiyon hita ya saka shi a tsakani, sauran biyun na ruwan wanka, daga jarka zuwa famfo mai 12V, ya ratsa ta cikinsa zuwa shawa. Ruwayen ba sa haɗuwa, ƙarfen ne ke miƙa zafi. Mazauninsa kuwa masu walda a Panteka za su lanƙwasa maka.

Amma fa maigida, sai inji ya huce a taɓa tiyo, in an gama a cika lagireto a fitar da iska, wani yaro ya manta min wannan, wallahi tun ban wuce Kujama ba allurar zafin inji ta haura. Kuma kar ka yi rowar mixing valve, wato abin da ke surka ruwan zafi da na sanyi, in ka kashe shawa ka sake kunnawa ruwan farko sai ya saɓule fata. Saita shi wajen digiri 40, famfon a sa mai fiyus.

Lokacin wanka inji na kunne, ka faka nesa da tanti saboda hayaƙi.