Kurakuran da aka fi yi wajen shirya wa yara karatun dogon hutu kan lafiya da motsa jiki

Da zarar makarantu sun rufe a Najeriya a ƙarshen Yuli, yara sun samu kusan mako shida babu aji. Mai kula da ɗakin karatu da ya yi tunanin tara su a wannan lokaci, ya haɗa musu karatu da wasa da ilimin kiwon lafiya, ya yi tunani mai kyau. Sai dai sau da yawa shirin kan fara da yara cike da ɗaki, kafin mako na uku a ga saura 'yan tsiraru, kuma galibi tun a wajen tsarawa aka yi tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne ɗauko tsarin wata ƙasa daga intanet a ɗora shi yadda yake. A Amurka da Ingila hutun yara yana faɗowa a lokacin ɗumi, rana ba ta faɗuwa da wuri, shi ya sa jadawalinsu ya cika da iyo da yawon daji da wasan yamma. Namu hutun a tsakiyar damina yake, kuma Agusta watan marka ne. Wanda ya sa wasan fili da ƙarfe huɗu na yamma zai yi ta kallon gabas yana lissafin hadari. A mai da fita waje ta zama da safe, tsakanin takwas da goma, kafin rana ta yi zafi. Kowace fita kuma a tanadar mata abin da zai maye gurbinta a cikin ɗaki ko a baranda, don kada ruwa ya sa a sallami yara ba su yi komai ba. Yaron da aka sallama sau biyu ba ya dawowa na uku. In aka ji tsawa kowa ya shige ciki, kada a bar su su fake a gindin bishiya. Batun iyo kuwa a cire shi gaba ɗaya, sai dai a yi shi a matsayin darasi: kududdufin da ya cika a damina yana cin rayukan yara, kuma a irin wannan ruwan ake kamuwa da tsargiya.

Sai kuma tsara lokaci ba tare da an tambayi yadda yaron ke wuni ba. Hutun boko bai shafi Islamiyya ba, wasu ma a lokacin suke ƙara darasin safe. A karkara ana tsakiyar noma, ana buƙatar hannun kowa a gona, yarinya kuma ga talla ga rainon ƙanne. Kafin a buga takardar sanarwa, a je wurin mai unguwa da liman da malaman Islamiyya a ji lokacin da za su iya sakin yaran. Makarantun allo suna hutawa Alhamis da Juma'a, don haka ranar Alhamis da safe tana iya kawo almajiran da ba a taɓa gani a ɗakin karatu ba. Kwana biyu a mako, awa biyu kowace rana, wanda iyaye suka amince da shi, ya fi kwana biyar da ba wanda zai iya riƙewa.

Wanda ya fi damuna shi ne raba littafi da wasa. A zaunar da yara a karanta musu labarin da bai shafi komai ba, sai a ce to, ku fita ku buga ƙwallo. Yaro ba wawa ba ne, nan take zai gane cewa karatun shi ne kuɗin shiga filin ƙwallo, gobe sai ya makara da gangan ya zo daidai lokacin wasa. Gyaran shi ne abin da aka karanta ya zama shi za a fita a taɓa da hannu.

Ga misali. A karanta shafi biyu kan rayuwar sauro: yadda macen ke saka ƙwai a ruwan da ya kwanta, ƙwan ya zama tsutsa, cikin mako guda zuwa biyu ya tashi yana cizo. Sai a raba yaran biyar-biyar, kowane rukuni da babba ɗaya, su zagaya harabar da bayan katanga. Za su tarar da gwangwanin tumatir, da tsohuwar taya, da fasasshen tulu, da ramin sawun mota, duk da ruwa a ciki. A ɗebo kaɗan a farar roba a ɗaga wa haske, su ga 'yan tsutsotsin suna wutsil-wutsil, suna hawowa sama shan iska. Su kifar da gwangwanayen, su cike ramukan da ƙasa, su dawo kowa ya rubuta abin da ya gani. Sun yi tafiya, sun sunkuya, sun yi gumi, kuma da daddare ba sai an yi faɗa da su kan shiga gidan sauro ba.

Haka ma darasin zuciya. Kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 30, ya rubuta. A yi tsallen igiya na minti biyu, a sake ƙirgawa. Daga nan za su fara tambayar dalili, amsar kuma tana cikin littafin da ke kan tebur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, kuma ba ta ce sai da kayan wasa masu tsada ba. Langa, 'yar gala-gala, wasan ɓuya da gaɗa duk sun isa. A Nijar, inda ranar 3 ga Agusta take ranar 'yancin kai kuma ranar dashen itatuwa, ga darasi a shirye: a karanta amfanin bishiya, a haƙa rami, kowane yaro ya dasa tasa ya riƙa auna tsawonta har hutu ya ƙare.

Littattafan ma akwai magana. In duk abin da ke kan kanta Turanci ne ko Faransanci, ɗan aji uku zai kalli hotuna ya rufe. Littattafan lafiya na yara da Hausa ba su da yawa, amma asibitin unguwa yana da fastoci kan wanke hannu da rigakafi, a roƙo. A gayyato wata dattijuwa ta koya musu waƙoƙin gaɗa, manyan yara su rubuta, da boko ko da ajami, a ɗinke takardun su zama littafin ɗakin karatu.

Wani kuskure mai haɗari shi ne mai kula da littattafai ya koma likita. Kada ya ba kowa magani, ko na ciwon kai ne. A kira ma'aikacin lafiya ya zo rana ɗaya, shi zai nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya kuma yi bayanin maganin rigakafin zazzabin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a watannin damina. Yayyen da suka ji wannan su ne za su tuna wa iyaye. Ranar rajista kuma a tambayi uwa ko uba: yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya? Mai sikila bai kamata ya galabaita ko ƙishirwa ta kama shi ko ruwa ya jiƙa shi ba, amma kada a zaunar da shi a gefe yana kallo. A ba shi agogo da littafin ƙirga maki, ko ya yi alƙalanci.

In ƙwallo ce kaɗai wasan, an kori 'yan mata ke nan tun ba a fara ba. Suna buƙatar wurinsu a keɓe, da mace mai kula da su, da tabbacin za su koma gida kafin azahar. Haka yaron da shan inna ya taɓa wa ƙafa, a tanadi wasan da hannu ke yi, kamar carafke da jifan ƙwallo cikin kwando.

Kada kuma a gama wa'azin abinci mai gina jiki a raba lemon kwalba da alawa. Dafaffiyar gyaɗa ko kwaɗon zogale sun fi araha. Ruwan sha ya zama a rufe, da butoci da sabulu a bakin banɗaki, domin damina lokacin amai da gudawa ce.

Kyauta kuwa, in aka ce ta wanda ya fi karanta littattafai ce ko wanda ya fi gudu, tun makon farko kowa ya san mai ita, sauran su saki jiki. A ba kowane yaro kati ana buga masa hatimi duk ranar da ya zo, wanda katinsa ya cika ya samu littafin rubutu da biro. A ranar rufewa a yi wa kowannensu rajistar aron littafi a gaban iyayensa, a rubuta sunan unguwarsu, a sanar da su ranakun da ɗakin karatu ke buɗe bayan an koma makaranta.