In an ɗora ka kan warfarin, ga yadda za ka zauna da shi lafiya

Ana ce masa maganin tsinka jini, amma fa ba ruwa yake mai da jinin ba, daskarewarsa yake jinkirtawa. Hanta ce ke haɗa sinadaran daskarar da jini kuma sai da bitamin K take iyawa, to warfarin hanyar bitamin K ɗin yake tarewa. Shi ya sa ba ya kama aiki ranar da ka fara, yakan ɗau kamar kwana 5, a tsakanin nan sai a haɗa maka da allurar heparin ko enoxaparin ta fatar ciki. Af, asalinsa ma maganin ɓera ne, sai 1954 aka amince a ba mutane.

Gwajin INR, wato gwajin jini da ke auna tsawon lokacin da jininka ke ɗauka kafin ya daskare, shi ne sitiyarin abin. Wanda ba ya shan maganin yana wajen 1, kai ana son ka tsakanin 2 da 3, masu bawul ɗin ƙarfe a zuciya wasu har 3.5. Ya yi ƙasa gudan jini na iya toshe jijiya, ya yi sama sai zubar jini. Samu ɗan littafi ka dinga rubuta kwanan wata da sakamako da miligiram nawa kake sha, kuma ka sha a lokaci ɗaya kullum, in ka manta na jiya kar ka ninka yau.

Maganar abinci nan ake yawan kuskure wallahi. Mutum ya ji ganye na da bitamin K sai ya ƙaurace wa alayyafo da zogale da kabeji gaba ɗaya, bayan wata biyu kuma ya dira kan kwaɗon zogale kwano guda kullum, INR ya rikice a rasa dalili. Ba hana ka aka yi ba, ci yadda ka saba kawai, kar yau tuli gobe babu.

Kemis kuma a yi hattara. Flagyl da Septrin na haura da INR, rifampicin na tarin fuka yana saukar da shi, aspirin da ibuprofen da diclofenac suna jawo zubar jini a ciki. Ƙaho wajen wanzami ko cire haƙori, sai likita ya sani. Mai juna biyu ko mai niyya ta faɗa da wuri, warfarin yana cutar da ɗan tayi.

Haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ka buge kai ko da ba ciwo, asibiti kai tsaye. Can za su warware aikin warfarin ɗin da bitamin K, in abin gaggawa ne su ƙara plasma (ruwan jini) ko PCC (haɗin sinadaran daskarar da jini) tunda bitamin ɗin sai ya ɗau awanni.  Littafin nan naka ka tafi da shi, da kwalin maganin.